Ku Tambaya Mu Amsa: Jaket ɗin matuƙan jirgi a zafin Kassala

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Kassala, ƙasar Sudan. Wani saurayi ya nuna mini hoton jaket ɗin matuƙan jirgin Amurka na lokacin yaƙin Hitila, wai in ɗinka masa irinsa. Ya ce irinsa da ake kwaikwaya a Japan sun fi ƙarfin aljihunsa. Malam, da wane yadi zan yi, kuma wa zai iya sa jaket a zafinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam tela. Kafin ka sa almakashi, sake duba hoton, domin jaket ɗin nan iri-iri ne. In na fata ne, A-2 ke nan, wanda sojojin Amurka suka amince da shi a 1931. Wai na lokacin zafi ne, amma zafin da suke nufi na can sama ne, inda iska ke kaɗa haƙori. In kuma mai sheƙi ne, da roba a wuya da hannu da ƙugu, L-2 ne na nailan, na 1945, wanda aka yi don digiri 10 zuwa 30. Na taɓa sayen kwaikwayonsa a gwanjo, na sa shi rana ɗaya a Omdurman cikin watan Maris. Kafin azahar singiletina ta zama tsumman wanki. Yanzu yana rataye a ƙusa.

Wanda zai yi maka shi ne M-421A na matuƙan sojan ruwa, waɗanda suka yi yaƙi a tsibiran Fasifik. Auduga ce zalla, launin kaki, ba shafi a ciki. Zif a gaba, aljihu biyu, kwala kamar ta shat. Shi kamfanoni irin su Buzz Rickson's na Japan ke kwaikwaya, har takardar wuya.

To, nemi kaki mai ƙarfi amma marar kauri, ka ƙona zare ɗaya tukuna: in ya zama toka auduga ce, in ya dunƙule kamar leda ka mayar wa mai shago abinsa. Jiƙa yadin ya kwana, ya sha iska, sannan ka yanka, in ba haka ba wankin farko hannu zai gudu ya bar agogo a waje. Inda gwanintarka za ta fito shi ne baya: akwai ninki a bayan kowace kafaɗa, mai buɗewa idan mutum ya miƙa hannu ya kama sitiyari. Kada ka ɗinke bakinsa. Da yake ba shafi, duk ɗinkin ciki a fili yake, sai ka kalmashe shi da kyau.

Af, ka gaya wa saurayin cewa a lokacin yaƙin, daga 1940, jiragen yaƙin Ingila sun riƙa tashi daga Takoradi ta ƙasar Gana su bi ta Kano, Maiduguri, Janaina da Fashir zuwa Khartoum, kusan hanyar da kakanninmu suka tako da ƙafa don zuwa hajji.

Sawa kuwa, ya jira sanyin Disamba da Janairu, ko fitar asuba a kan babur. A watan Mayu ko audugar ma jallabiya ta fi ta.