Amsa ga ƙanenmu mai shawarar komawa babban kampani

Assalamu alaikum ƴan gida. Ƙanena na ga tambayarka tun jiya, na bari sai na samu zama don wagga magana ba ta amsuwa da layi biyu. Ka ce kai kumandan ne, babban matuƙi mai zama kujerar hagu, bisa ATR, jirgi mai farfela, ga ƙaramin kampani, yanzu wani babban kampani na waje ya kira ka bisa jet A320 amma matsayin kofilot, mataimakin matuƙi mai zama dama, kuma sai ka sa hannu ga bon na shekara 3, wato alkawarin za ka yi masu aiki shekarun nan ko ka biya kuɗɗin horon da sunka yi maka, kana tambaya ko ka tahi, in ka tahi kuma yaushe za ka komo kujerar hagu. Wallahi ƙanena hanyar nan na bi ta, har yau in na tuna wani wurin sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ni dai cewa nike ka tahi. Amma ka tahi da idonka buɗe, kuma duk abin da anka gaya maka da baki wajen antirebiyu ka ɗauka ba a faɗe shi ba sai ka gan shi rubuce cikin kontira ko cikin manuwel na kampani.

Galonka huɗu na kumandan bisa ATR nan za ka bar su Niamey. Ranar da ka shiga za su ba ka lamba ta layin daɗewa cikin kampani, lambar nan ita ke rabon komai, planin mai kyau ko na tsakar dare, konje lokacin Salla ko cikin watan da ba wanda ke so, wane jirgi za ka hau gaba, da ranar da za a kira ka gwajin kumandan. Yaron da ya riga ka shiga da sati biyu, ko da ranar da ka fara tuƙi shi shina lakkol, shina gabanka, kuma in ka bar kampanin ka koma wani sai ka sake farawa daga ƙasan layi. Shi ya sa in dai ka yanke za ka tahi to kada ka tsaya jan ƙafa, duk watan da ka ƙara nan mutane ne ke shiga gabanka can. Sai dai ka tambaye su ƙaƙa suke bin layin. Kampanonin Amurka layi suke bi sak don suna da sandika mai ƙarfi. Ƙasashen Larabawa na Gulf ba ka da sandikar da za ta tsaya maka, layi na nan amma dosiyenka da abin da masu horo sunka rubuta a kanka su ke yanke hukunci. Wajenmu Afirka kuma ka san yadda abin yake, wani lokaci har da wa ka sani.

Maganar shekara nawa, duk wanda ya ba ka lissafi tsaye ƙarya yake. Abin na bin jirage nawa kampanin ke saye da kumandoji nawa ke kai shekara 65 su sauka. In suna ƙara jirage layi na gudu, in sun tsaya kai ma ka tsaya. ATPL, babban lisansin tuƙin jirgin fasinja, kana da shi, awa 1500 ɗin da ake buƙata da 500 na jirgi mai matuƙa biyu ka wuce su tuni, amma ka tambaya da kyau ko awowinka na ATR suna ƙirga su cikakku wajen zama kumandan, don wasu sai awowin jet suke so ko na jirgin da ya wuce wani nauyi, ATR 72 kuwa tan 23 ne, A320 wajen tan 78. Ni ban ga dalilin raina awan ATR ba wallahi, wanda ya sauka Agadez ko Zinder cikin ƙurar hunturu da zahin watan Afrilu shi ne ya san tuƙi, amma takarda ba ta san wannan ba.

Bari in gaya maka abin da ya same ni don shi ya hana ni barci da na karanta saƙonka.

Ni ma kumandan nike lokacin da anka kira ni. Shugaban matuƙa da kanshi ya dube ni ya ce da irin awowinka ba za ka daɗe dama ba. Na yarda, na aje aikina, na kwashe iyali. Na zamna dama ina aikina, ban taɓa samun matsala ga simulater, na'urar koyon tuƙi da gwaji, ba, ban taɓa makara ba, duk ranar da sunka kira ni cikin rezerb, ranakun zaman jiran kira, na hito. Wata rana muna tahiya da wani kumandan wanda kuma mai horo ne babba cikin kampanin, muna gangarowa za mu sauka, jirgi ya yi sama da yawa kuma gudu ya yi yawa, mun wuce ƙafa 1000 abin bai daidaita ba, mun kusa 500 har yanzu bai daidaita ba. Doka a rubuce take kowa ya san ta, in bai daidaita ba a tashi a sake zagayowa. Na faɗa mashi sau ɗaya bai amsa ba, na sake faɗa da ƙarfi remiz da gaz, wato a tashi a sake zagayowa. Ya tura gaz munka tashi munka zagayo munka sauka lahiya da mutane cike da jirgi. Daga nan har otel bai ce mani uffan ba. Na yi mashi sallama da sahe bai amsa ba. Abin da na yi shi ne abin da suke koya muna ga kowane kwas na CRM, horon aiki tare tsakanin ma'aikatan jirgi, su da kansu ke cewa kofilot shi yi magana, kuma ko na yi shiru na'urar jirgi ta riga ta rubuta komai, buron sekirite za su gani.

Da lokacina na gwajin kumandan ya zo, na duba planin, sunan wa na gani? Shi. Na je na roƙi a canza mani mai gwaji, anka ce ba dalili. Ƙanena awa huɗu na yi cikin simulater ɗin nan mutumin nan na zuba mani matsala bisa matsala, wuta ga inji bayan V1, gudun da in an wuce shi ba a fasa tashi, ban gama da ita ba ya kashe mani hidirolik, ya rufe hilin saukar da na zaɓa, ya sauke gajimare har ƙasa, ya sa mai kula da fasinja na ta kira na ina tsakiyar bin ECAM, allon da ke nuna matsalar jirgi da matakan magance ta. Duk na bi su ɗaya bayan ɗaya na sauke jirgi bisa hanya. Yaron da ke zamne dama, wanda anka haɗa mu, da munka hito sai da ya kama hannuna ya ce kumandan barka. Munka shiga ɗakin bayani mutumin nan ya ɗauki biro, bai ko kalle ni ba, ya rubuta wai ba ni da ƙarhin yanke shawara, wai ban iya jagorancin ekipaj, ma'aikatan jirgi, ba. Ni da na riƙe jirgi shekaru ina kumandan. Sannan ya ɗago gaban yaron nan ya ce ku da kunka saba da jiragen ƙauye sai a hankali. Wallahi tallahi kalmar nan har gobe tana kunnena. Na hita na zamna cikin mota ban iya tada ta ba, hawaye ke zuba, ina tunanin mi zan ce ma uwar ɗiyana da ta riga ta gaya ma ƴan uwa Tahoua cewa an kusa. Na rubuta ƙara, anka kira ni buro, shugaban matuƙan nan da ya yi mani alkawari ya ce shi bai tuna ya faɗi haka ba, kuma ba a jayayya da rahoton mai gwaji, in jira zagaye na gaba. Na ce a duba bidiyon simulater, anka ce ba a aje shi. Mutum ɗaya da biro ɗaya. Har yau shina can shina gwada ɗiyan mutane, ni na bar shi da Allah, amma ban yahe ba, ba zan ɓoye maku ba.

Ina cikin jiran zagaye na gaban ne 2020 ta zo, korona ta aje jirage ƙasa, sunka fara sallama daga ƙasan layi. Takardar zamana cikin ƙasar kuma da aikin take ɗaure, aiki ya tahi biza ta tahi, sai ga ni ina cire yara lakkol tsakiyar shekara ina saida kayan ɗaki da araha. Ka san dokar tashi 3 sauka 3 cikin kwana 90, ka san kalif ɗin jirgi, wato iznin tuƙa irin jirgin, shekara guda take a sabunta ta, kana zamne gida duk suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, da kuɗɗin aljihuna na je na biya simulater don kada kalif ɗin A320 ta ɓace mani.

To bon ɗin nan. Horon A320 in kai za ka biya da kanka ya wuce miliyan 10 na sefa, don haka ba laihi ba ne su ɗaure ka, ya hi waɗanda ke sa yara su biya kuɗɗi don a bar su su tuƙa, wannan kam zalunci ne kada kowa cikin gidan nan shi yarda da shi. Amma ka karanta. Kuɗɗin na raguwa wata wata ko tsaye suke har ranar ƙarshe? In su sunka sallame ka, ko ka faɗi gwajin layi da ake yi cikin jirgi na gaske, ko likita ya tsaida ka, wa zai biya? Shekara 3 ɗin daga ranar sa hannu suke farawa ko daga ranar da ka gama horon layi? Don wasu sai su aje ka watanni kana jiran mai horo kana amsar rabin albashi kuma agogon bon bai fara ba. Kuma in sun maida ka bisa babban jirgi gaba, sabon bon ne.

Kafin ka bar inda kake ka sa su buga maka hatimi ga littahin awowinka, ka amshi takardar da ke shaida ba ka taɓa yin haɗari ba, ka je ANAC, hukumar jiragen sama ta Nijar, ka nemi takardar tabbatar da lisansi tun yanzu don ba rana ɗaya take hita ba. Can za su sa ka jarabawar dokokin samansu da bizit medikal tasu kafin su ba ka tasu lisansi. Amma tamu ta Nijar kada ka bari ta mutu. Kuma ka rabu da kampaninka lahiya, ka ba su notis yadda ya kamata, ka je ka yi ma kowa bankwana har makanikai. Manyanmu na Air Afrique, tsohon kampanin jirage na ƙasashen Afirka, wa ya taɓa zaton za su nemi aiki? 2002 kampanin ya rushe, mutane masu galo huɗu bisa manyan jirage sunka watsu duniya, wasu ba su sake tuƙi ba. Abin na ba ni takaici, ga lakkol EAMAC nan cikin Niamey tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage na duka ƙasashen ASECNA, hukumar da ke kula da sararin samanmu, amma ɗan Nijar mai son tuƙin jirgin fasinja sai ubanshi ya saida gona ko hili ya tura shi waje, in ya gama kuma sai ya bi Lome ko Abidjan ko Addis ko Dubai neman inda zai zamna. Allah shi kawo muna gyara.

Tuƙin kanshi kada shi ba ka tsoro. In ATR ɗinka samfurin 600 ce ka riga ka saba da allunan gilashi irin na kwamfuta. Abin da zai dame ka farko shi ne gudu da saukowa, ATR in ka rage gaz farfela na riƙe maka jirgi, jet kuwa sulɓi gare shi, ba ya son ya sauko kuma ya rage gudu lokaci guda, sai ka fara lissafin gangarowa tun da nisa. Hannunka zai saba da sandar tuƙi ta gefe ta A320 cikin ƴan kwanaki. Abin da ke da wuya shi ne zama dama kana kallon wanda bai kai ka ba shina yanke shawara, ka ce to kumandan. Lokacin horon layi kada ka riƙa cewa wajenmu haka muke yi, ba su son ji. Amma in ka ga haɗari ka yi magana, ko wane ne ke hagu. Duk abin da ya same ni, in ranar nan ta komo zan sake faɗa. Sai dai ka rubuta rahotonka ran nan take ka aje kofi wajenka, kuma duk takardar simulater da anka sa maka hannu ka ɗauki hotonta.

Turanci kuma, mu da munka yi karatu da Faransanci nan muke shan wuya. Mataki na 4 na jarabawar Turancin matuƙa na wuce da kai amma sai an riƙa sabunta shi, ka yi ƙoƙari ka kai 5 ko 6, na 6 ba a sake gwaji. Ba don rediyo kaɗai ba, ranar da za ka kare kanka cikin buro da Turanci za ka yi.

Ka kula da jikinka don Allah. Babban kampani kusa da iyakar awowin da doka ta yarda suke tuƙa mutum, awa 100 cikin kwana 28, 900 ga shekara, yawanci dare, ka komo gida yara na shirin lakkol kai kana neman barci. Shayin nan namu mai sukari da muke sha ba lissafi, da hawan jini, su ke amshe ma mutane medikal, shekara shekara kake gaban likita. Ka tambaya ko suna da asirans na rasa lisansi, in babu ka yi da kanka. Azumi ma ka tambayi malamai, matafiyi na da rangwame, na ga wanda ya dage da azumi cikin doguwar rana har kanshi na sara wajen sauka ta ƙarshe.

Sai maganar gida, wadda ba ta cikin kontira. Rasuwa za a yi Tahoua kana wata duniya, ko ka samu jirgi zuwa Niamey da sauran kilomita wajen 550 ta Dosso da Dogon Dutsi da Konni, sai dai ka iske addu'ar uku. A watan Agusta 2023 da anka rufe samanmu ka ga yadda ƴan uwanmu na waje sunka rasa hanyar gida. Ka zamna da madam ku yi magana ta gaskiya, za ta bi ka ko za ta zamna nan, kuma ka nemi albarkar tsohuwa kafin komai. Ƴan uwa za su ɗauka kuɗɗi kake sharewa da tsintsiya, ka taimaka iya ƙarhinka amma albashin farko farko ka sa su ga hili da gini nan Niamey, ka aje abin da zai riƙe gida wata shida ko ba aiki.

Allah shi zaɓa maka abin da ya hi alheri ƙanena, shi raba ka da irin mutumin da na gamu da shi. Turo mani shahin bon ɗin da na sharuɗɗan zama kumandan ta pirbe in duba maka, kuma kada ka sa hannu kafin su amsa maka maganar awowin ATR a rubuce.