Amsoshin Tambayoyinku: Faifai, Batir da Hedifon na Na'urar Gano Ƙarfe

Tambaya: Malam, ina da na'urar Garrett Ace 250, kuma wani abokina ya ba ni faifan na'urar wani kamfani dabam mai suna Minelab da ya daina amfani da shi. Idan na sa mai gyara ya canza masa soket, zai yi aiki?

Amsa: Ba zai yi ba, kada ka ɓata kuɗinka. Faifan da ake shafa ƙasa da shi waya ce aka naɗa a cikinsa bisa wani ƙididdigaggen awo, kuma an daidaita wannan naɗin ne da na'urar da aka yi shi dominta. Ace 250 tana aiki ne a kan kilohaz 6.5, wato awon saurin bugun siginar da take aikawa cikin ƙasa, saboda haka ko soket ya shiga daram, abin da ke cikin faifan bai dace da ita ba. Ka mayar wa abokinka kayansa da godiya.

Tambaya: Malam, na sayi Minelab GPX 6000, sai daga baya na ji cewa ba kowane faifai take karɓa ba, alhali tsohuwar GPX 5000 tana karɓar faifan kamfanoni da yawa. Wannan ba zalunci ba ne?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. A zamanin GPX 4500 da GPX 5000, kamfanoni irin su Coiltek da Nugget Finder na Ostareliya da Detech na Bulgeriya suna ƙera faifai iri-iri, manya da ƙanana, mutum ya saya ya ɗaura ba tare da neman izinin kowa ba. Amma da GPZ 7000 ta fito a 2015, sannan GPX 6000 a 2021, sai ya kasance akwai wani ɗan guntun lantarki da ake kira cif tare da faifan, wanda na'urar ke tambaya kafin ta soma aiki, kuma idan ba ta samu amsar da take jira ba sai ta ƙi faifan. Wannan ne ya sa wanda ba shi da yarjejeniya da Minelab ba ya iya yin faifan da za a ɗaura kai tsaye. Coiltek da Nugget Finder sun samu wannan izinin, shi ya sa akwai Goldhawk da Xceed na GPX 6000, da kuma Z-Search na GPZ 7000. Kamfanin XP na Faransa ma ya kulle tasa ƙofar ta wata hanyar, domin a na'urarsa Deus kayan lantarkin da batir duk suna cikin faifan ne, ba waya a tsakani.

Batun zalunci kuwa, ra'ayina ya kasu biyu. Kamfani yana da hujja idan ya ce faifai marar kyau yana ɓata wa na'urarsa suna, kuma cif yana wahalar da masu yin jabu. Sai dai ba na yarda cewa wannan ne kaɗai dalili, domin wanda ya riƙe makullin shi ne ke yanke hukuncin girman faifan da za a samu, da lokacin da zai fito, da kuɗinsa, kai kuwa da ka biya maƙudan kuɗi sai abin da aka ba ka. Na san wasu masu GPZ 7000 suna yanke wayar faifan asali su ciro gefen da cif yake su mayar da shi mahaɗi, don su ɗaura faifan X-Coils da aka fara ƙerawa a Rasha. Ba na ba ka shawarar bin irin wannan hanyar, domin kuskure ɗaya wajen haɗa wayoyin yana iya ƙona na'urar, kuma ka lalata faifai mai tsada tun kafin ka ga amfanin sabon.

Tambaya: Malam, na daɗe ina tara kuɗi kafin na mallaki GPX 5000. Yanzu wani ya yi mini tallan faifai da batir masu ɗauke da sunan Minelab a kan ƙasa da rabin kuɗinsu, ya ce ragowar kayan kamfani ne. Hankalina bai kwanta ba, amma kuma ba ni da halin sayen na dila.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan rashin kwanciyar hankalin naka yana kan hanya, kuma ka kyauta da ka yi tambaya kafin ka miƙa kuɗi. Ina so kai da sauran masu karatu ku rarrabe kaya uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai na kamfanin da ya yi na'urar. Akwai na wani kamfani dabam da ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a jikin kayansa, kamar Coiltek ko NEL na Yukiren, wanda yake da adireshi, yake ba da garanti, kuma wani lokacin kayansa sukan fi na asali dacewa da wani aikin. Sannan akwai jabu, wato wanda ya saci sunan wani ya manna. Na biyun ciniki ne na halal, na ukun kuwa damfara ce, kuma jerin na'urorin GPX na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya, har kamfanin da kansa ya sha fitar da gargaɗi a kai.

Abin da ya fi ɓata mini rai game da jabun faifai shi ne ba ya mutuwa nan take balle mutum ya gane. Na'ura za ta kunnu, ta yi ƙara a kan tsabar kuɗin da mai talla ya ajiye a ƙasa, mai saye ya tafi yana murna. Sai an shiga fili ne za a tarar tana kuka duk sanda faifan ya taɓa dutse ko ciyawa, mai ita ya yi ta rage mata ƙarfin ji don ta yi shiru, da haka ya riƙa wucewa ta kan abin da ya fito nema bai sani ba. Asarar wata da watanni na tafiya da tono ta ninka ribar da aka ci wajen saye. Jabun batir kuma ya fi haka haɗari, domin batirin litiyam da ba a sa masa abin kariya daga wuce ƙima wajen caji ba yana iya kumbura ko ya kama da wuta, ga shi batirin GPX 5000 na asali yana ɗauke da abin ƙara sauti a cikinsa, wanda masu kwaikwayo ba lallai su yi shi yadda ya kamata ba. Araha ba ta ado, a wannan harkar ma har cutarwa take yi.

Idan kayan suna gabanka, ka ƙwanƙwasa faifan da yatsa yayin da na'urar ke kunne ka ji ko za ta yi ihu, ka lanƙwasa wayar a hankali kusa da inda ta shiga faifan, ka duba ko ƙusoshin soket suna motsi, ka bi bakin faifan da farce ka ga ko akwai tsagar da ruwa zai shiga. Duk da haka jabu mai kyawun fuska yana iya tsallake wannan gwajin, saboda haka ka nemi sunan mai sayarwar a jerin dilolin da kamfanin ya wallafa a shafinsa na intanet, kuma kalmar “ragowar kayan kamfani” kaɗai ta isa ta sa ka ja da baya. Ka kwantar da hankalinka, faifan da na'urarka ta zo da shi ya ishe ka aiki har ka tara kuɗin na gaskiya, kuma tun da GPX 5000 ba ta da wannan kullen, kana da zaɓi mai faɗi daga kamfanoni masu suna.

Tambaya: Zan iya amfani da hedifon ɗin wayata na Bluetooth da na'urar Minelab Equinox 800?

Amsa: Zai iya haɗuwa, amma idan ba mai aptX Low Latency ba ne, wato fasahar da ke rage jinkirin sauti, sautin zai riƙa zuwa a makare, ka ji ƙara bayan faifan ya wuce wurin, ka tona inda babu komai. Garrett kuma tana da nata tsarin hedifon marar waya mai suna Z-Lynk, wanda ba ya magana da Bluetooth. Hedifon mai waya ya fi sauƙin kuɗi kuma ba ya jinkiri.

Tambaya: Ɗaura faifan wani kamfani yana kashe garanti?

Amsa: Ya danganta da ƙasar da aka sayi na'urar da abin da takardar garantin ta ce. A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya soke garanti don kawai an yi amfani da kayan wani, amma idan kayan ne suka jawo lalacewar, gyara yana wuyan mai na'ura. Ka karanta takardarka kafin ka ɗaura komai.

Tambaya: An ce akwai wani akwati da ake maƙala wa na'ura ya ninka zurfin da take gani. Ina zan same shi?

Amsa: Babu inda za ka same shi, kuma na gaji da wannan tambayar. Zurfi yana zuwa ne daga ƙirar na'urar da girman faifai da yanayin ƙasa da girman abin da ke binne. Abin ƙara sauti yana taimaka wa kunne ya ji siririyar ƙara, iyakar aikinsa ke nan, kuma duk wanda ya yi maka alƙawarin ninki biyu kuɗinka yake so.