Tambayoyinku: Karatun lafiyar al'umma, likitanci ne ko duba-gari?

Daga wata ɗaliba a wani ƙauye kusa da Haɗeja:

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Na rubuta JAMB bana burina likitanci amma makina bai kai ba, sai malaminmu na bayoloji yace in canza zuwa kwas ɗin lafiyar al'umma wai a nan ake karanta abinda ke jawo hawan jini da suga da ciwon ƙoda da yadda za a kare su. Ni kuma Babanmu ciwon ƙoda ne ajalinsa, har gona aka sayar ana kai shi wankin ƙoda, Innata kuma hawan jini gareta shi yasa abun ya tsaya min a rai. Amma Kawu yace ai karatun duba-gari ne aka canza masa suna, gara in haƙura in sake JAMB baɗi. Me ake karantawa a ciki kuma in na gama ina zan yi aiki?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba yasa can ta fi masa nan, Inna kuma Allah ya bata lafiya.

Bari in fara da abinda bana so ki sani a makare. Wannan digirin baya maida ke likita, baya baki lasisin duba mara lafiya ko rubuta magani ko yin allura. In har abinda ranki ke so shine ki tsaya a kan mara lafiya da hannunki, to ki bi maganar Kawu ki sake JAMB ko ki nemi karatun nas, kada ki shiga da niyyar wai zaki lallaɓa ta baya ki zama likita, babu wannan hanyar. Duba-gari kuma shima karatu ne mai zaman kansa na tsaftar muhalli, kuma ba abin rainawa bane, a cikin lafiyar al'umma zaki taɓa shi amma reshe ɗaya ne kawai.

Yanzu ga abinda kwas ɗin yake. Likita ya ga Baba ya gano ƙodarsa ta lalace yace a fara wanki, ya yi aikinsa. Mai lafiyar al'umma tambayarsa daban ce, me yasa ake ta kawo masu ciwon ƙoda daga wannan yankin. Kin fi ni sanin yadda mutanen Haɗeja da Gashuwa can Yobe suka daɗe suna kokawa da wannan ciwo, kuma kowa ka tambaya yana da amsarsa a aljihu, wani yace ruwan sha ne, wani yace maganin feshi da ake zabgawa a gonakin shinkafa, wani yace wunin da ake yi a fadama cikin zafin rana ba isasshen ruwa a jiki, wani yace ƙwayoyin gajiya da ake haɗowa a kemis irin su dikulofenak da ibufurofen ana sha kullum, wani yace jiƙe-jiƙe, alhali a duniya baki ɗaya suga da hawan jini da ba a kula dasu ba sune kan gaba wajen kashe ƙoda. To wanne ne a ciki, ko nawa ne suka haɗu? Ba a ganewa da zato. Sai an shiga gida-gida an auna mutane, masu ciwo da marasa ciwo, an ɗebi ruwan rijiya dana burtsatse an kai ɗakin gwaji, an tambayi sana'ar kowa da abinda yake sha, sannan a zauna da lissafi a ga inda bambancin yake. Wannan aikin shi za a koya miki, sunansa ilimin bin diddigin cututtuka, kuma shine zuciyar kwas ɗin.

Kusan duk abinda ake faɗa mana a asibiti yau ta haka aka samo shi. A 1948 aka fara bin mutum 5,209 a wani gari Framingham a Amurka, ana auna su duk bayan shekara 2, daga nan aka tabbatar hawan jini da taba da kitsen cikin jini suna kai mutum ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 1950 masu bincike biyu a Ingila, Doll da Hill, suka kwatanta masu kansar huhu da waɗanda basu da ita suka ga taba ce. Mu dawo gida, a 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, sama da 400, da aka bi diddigi aka auna jininsu da ƙasar tsakar gidajensu sai ga gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gida. Maganin asibiti kaɗai bai isa ba sai da aka kwashe ƙasar gidajen aka zuba sabuwa.

Karatun galibi shekara 4 ne. Ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizis. Shekarar farko kusan kimiyyar sakandare ce aka ƙara mata nauyi, daga baya ki shiga yadda jikin mutum ke aiki, abinci mai gina jiki, lafiyar uwa da yaro, wayar da kai, tsarin tafiyar da asibitoci, sai ƙididdiga. Kinga ƙididdigar nan ita ke kada mutane, in kina gudun lissafi ki fara shiryawa dashi tun yanzu don ba yadda zaki yi ki kauce masa. Za kuma a tura ku ƙauye aikin fili, anan ke kam kin riga 'yan birni, kin san yadda ake gaida mai gari da yadda ake shiga gidan matan kulle a yi hira har a faɗa miki gaskiya.

Abinda yasa nake ganin karatun nan namu ne, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya tace cututtukan da ba a ɗauka daga wani suna kashe kusan mutum miliyan 41 a shekara, kashi 74 cikin 100 na duk mace-mace, kuma kusan kashi 46 cikin 100 na masu hawan jini basu ma san suna dashi ba. Hawan jini kamar gara yake a cikin azara, daga waje lafiya lau sai ranar da ɗaki ya rufta. A ƙauyukanmu sai ace ai ciwon masu kuɗi ne ko ciwon tunani, alhali gishirin da ya kamata mutum ya ci a wuni bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya kenan, ki lissafa dunƙulen da ake jefawa a miya ga gishiri ga kanwa wadda itama sinadarin gishirin gareta. Ga gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu, suna ɗauke da guba mai suna afulatoksin wadda in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B take kai mutum ga kansar hanta, kuma allurar rigakafin wannan ciwon hantar tana nan kyauta, ana so a yiwa jariri cikin awa 24 da haihuwa, amma wadda ta haihu a gida wa zai tuna mata? Ga hayaƙin itace a madafi da mata ke shaƙa shekara da shekaru. Babu ɗaya a cikin waɗannan da gadon asibiti zai gyara.

Maganar aiki kuwa ba zan yi miki daɗin baki ba, baya zaune yana jiranki. Ana ɗauka a ma'aikatar lafiya ta jiha, hukumar lafiya a matakin farko, hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka, ƙungiyoyin agaji da ayyukan bincike a jami'o'i, amma na ƙungiyoyi yawanci kwantiragi ne, kuɗin ya ƙare aikin ya ƙare. Waɗanda ake riƙewa sune masu iya kwamfuta da tattara bayanai a waya da rubuta rahoto mai kyau da Turanci, ki sa wannan a gaba tun ajin farko. Daga baya akwai mastas a Jami'ar Bayero, kuma suna da cibiyar ACEPHAP mai bincike kan lafiyar al'umma. Kafin ki canza kwas ki buɗe kundin JAMB na bana ki ga jami'o'in da ke yinsa, ki kuma tabbatar hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar. Sannan kije ki zauna da Kawu ki yi masa bayanin nan a tsanake, da alama tsoro yake kada shekarunki su tafi a banza.

Daga wani ma'aikacin lafiya a karkarar Sumaila:

Anti barka da aiki. Ni CHEW ne, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, ina da iyali ba zan iya ajiye aiki ba amma ina son digiri, don wallahi masu shanyewar ɓarin jiki sun yi yawa kuma sai abu ya lalace ake kawo su.

Barka kadai ɗan'uwa. Hanya biyu zan nuna maka. Jami'ar NOUN ta karatu daga gida tana digirin lafiyar al'umma kuma tana da cibiya a Kano da Dutse, kana aikinka kana karatu, sai dai tana buƙatar waya mai kyau da data da mutum mai iya tilasta wa kansa karatu bayan isha'i. Ta biyu karatun CHO, wato jami'in lafiyar al'umma, da ake yi a asibitocin koyarwa, wannan ci gaba ne a kan layinka. Kai kana da abinda ƙanwarmu ta sama ba zata samu ba, lasisinka, kada ka bari ya mutu saboda digiri.

Amma abinda ya dame ka ba sai ka jira digiri ba. Duk babban da ya shigo asibitin nan ka yi masa awon hawan jini, ko uwa ce ta kawo yaro rigakafi ko dattijo ya rako jika. In ka ga 140 bisa 90 ko sama ka ce ya dawo wata rana a sake, don ba a yanke hukunci da awo ɗaya, in kuwa ya kai 180 bisa 120 ga ciwon kai ko gani ya dushe ko magana ta karkace, wannan tura shi babban asibiti nan take. Ka buɗe rijista daban, shekaru, unguwa, sana'a, awo, ko yana shan magani. Babbar matsalarmu mutum ya sha magani wata ɗaya ciwon kai ya lafa yace ya warke, to rijistar ce zata nuna maka wanda ya ɓace ka aika a nemo shi. Ranar kasuwa ma ka roƙi izinin shugabanka da mai gari ka kafa tebur. In lokacin furojet ɗin kammala digiri yazo kana da abin rubutu a hannu, amma fa sai da izinin hukuma da yardar mutanen, kuma ba a saka sunan kowa.

Daga wani magidanci a yankin Gwarzo:

Malama, 'yata da ke wannan karatu a jami'a ta dage sai an yiwa yayarta gwajin jini kafin a sa rana. Ita da yaron duk lafiyarsu ƙalau, ba su taɓa kwanciya ba. Meye na gwaji?

Baba, 'yarka tana kan daidai, Allah yayi mata albarka. Mai jinin AS, wato wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa, lafiyarsa ƙalau, ba a gane shi da ido. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki akwai kaso 1 cikin 4 na haihuwar mai sikila, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an samu ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Sannan tun 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure, da nau'in jini da ciwon hanta da ƙanjamau duk suna ciki, ka ga ko ba ta ce ba za a nema. A yi shi yanzu tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa magana ta yi nisa, a asibitin gwamnati ko ɗakin gwajin da aka sani, kowa yaje da kansa, in sakamakon ya zo da shakka a maimaita a wani wurin.