Taron Shekara na Ƙungiyar da Ke Haɗuwa ta Intanet

Tambaya: Malam, ƙungiyarmu ta taimakon al'umma tana gudanar da tarukanta ta Zoom da WhatsApp, amma shugabanni sun ce mu haɗu ido da ido a Kaduna sau ɗaya a shekara. Kuɗin taron bai fi dacewa da marayu ba? Daga wata mai karatu, Unguwar Rimi.

Amsa: Hajiya, damuwarki tana da tushe, amma ina goyon bayan taron. Ƙungiyar taimakon al'umma ta duniya mai suna Rotary, wadda Paul Harris ya kafa a birnin Chicago na Amurka a 1905, ta samo sunanta ne daga yadda mambobinta na farko suke zagayawa ofisoshin juna domin zama, kuma ko yanzu da take da rassa masu haɗuwa ta intanet ba ta daina babban taronta na shekara ba. Amanar kuɗin jama'a tana ƙarfafa idan an ga fuskar ma'aji, an duba rasit tare, an kuma ziyarci rijiyar da aka haƙa.

Ku rage tsadar kawai. Kowa ya biya kuɗin motarsa, na Abuja su shigo jirgin ƙasa zuwa Rigasa, a nemi aron zauren makaranta maimakon otal, kada kuma a taɓa asusun marayu.