Dalilin da yasa na katse ka a zaman makoki

Ɗana naga saƙonka. Kace meyasa na katse ka ranar sadakar uku da kace da an kai Baba asibiti tun dare da yanzu yana raye, alhali ka karanta cewa kimiyya ma bata rufe ƙofar komawa baya cikin lokaci ba. To fiziks ɗin nan shi na koyar har nayi ritaya, bari mu fara ta nan.

Tsallakawa gaba kam ba musu, tun 1905 Einstein ya nuna agogon mai gudu jinkiri yake, a 1971 Hafele da Keating suka ɗora agogon atam a jirgin fasinja suka zaga duniya, da suka dawo ya saɓa da wanda aka bari a ƙasa. Ko GPS na wayarka, agogon tauraron ɗan adam ɗin na wuce namu da kamar mikirosakan 38 kullum (mikirosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan), sai da gyara.

Baya ce rigimar. Gödel ya nuna a 1949 cewa lissafi ya yarda a koma baya in sararin samaniya gaba ɗaya juyawa yake, amma fa a takarda. Kaddara ka koma ka hana ɗaurin auren kakanka, to wa zai haifi babanka, wa zai haife ka balle ka koma ka hana? Novikov ɗan Rasha yace ko ka samu hanya abinda ya riga ya faru kaɗai zaka iya yi, kaje ɓata aure ka ƙare kaine mai raba goro. Hawking kuma a 1992 yana ganin dokokin halitta ma bazasu bari a buɗe hanyar ba. Ni dai hankalina yafi kwanciya da na Novikov.

Iyayenmu basu san wannan lissafin ba amma basa barin "da a ce" a gaban gawa, akwai hadisi a Muslim cewa kalmar tana buɗe aikin shaiɗan, sai dai ace Allah ne ya ƙaddara, abinda ya so ya aikata. Kuma abinda baka gani ba, mamanka na tsaye bayan labulen zaure da kwanon abinci lokacin da kake maganar, itace tace a bari sai da safe tunda zazzaɓin ya sauka, wallahi naga hannunta na rawa har miya ta zuba. Har yau bata barci.

Dan Allah gobe bayan la'asar kaje ka zauna da ita kuyi masa addu'a tare, kar ka tada zancen asibiti. Ina gidan zan jira ka.