Tiyatar Gyaran Jiki: Amsoshin Anti Ga Masu Shirin Kwanciya Gaban Likita

Tambaya: Anti, bara na haifi 'yan biyu ta tiyata, haihuwata ta uku ke nan. Cikina ya saki ya zubo. Na yi ɗaurin ciki, na sha ruwan ɗumi da lemun tsami har na gaji. Ƙawata ta ce akwai aikin da ake yanke fatar a ɗinke. Ina jin kunyar maigida, ina kuma tsoron mutuwa. Maman 'yan biyu, Agege.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, cikin da ya ɗauki mutum biyu ba abin kunya ba ne. Sau da yawa naman gaban ciki ne ke buɗewa saboda nauyin juna biyu, fatar kuma ta miƙe ta ƙi komawa, shi ya sa lemun tsami bai yi miki komai ba. A wannan aikin likita na yanke fatar da ta yi yawa, ya ɗinke naman, ya gyara wa cibiya mazauni. Zai bar miki tabo daga wannan ƙugu zuwa wancan, kuma ba ya ɓacewa. Amma fa, kin gama haihuwa? In da saura, dakata, domin wani cikin zai iya warware aikin. Sannan kusan mako 6 ba a ɗaukar abu mai nauyi. Wa zai goya miki yaran? Fara zuwa asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja a duba ki, a tabbatar ba ƙaba ce a cibiyar ba. Wasu ma motsa jiki na musamman a sashen gashin ƙashi yake rage musu matsalar.

Tambaya: Na ga tallar garaɓasar BBL, wato aikin ƙarin mazaunai, a Instagram, rabin kuɗi in an biya kafin ƙarshen wata. Bikina saura mako 5, kuma ni ce da kwasar adashe. In tura musu? Amarya, Obalende.

Amsa: Kada ki tura ko sisi. Zauna ki ji, domin irin wasiƙarki ta fi kowacce yawa a wurina.

Shi wannan aiki, kitse ake zuƙowa daga ciki ko baya, a tace shi, a ɗura a mazaunai. Haɗarin yana wurin ɗurawar. A cikin naman mazaunai da ƙarƙashinsa akwai manyan jijiyoyin jini. In bututun ya nutse ya huda ɗaya, kitsen zai bi jini ya tafi huhu ya toshe shi, kuma mace kan iya cikawa tun tana kan gadon aikin. Binciken da likitocin wannan fanni suka fitar a Amurka a 2017 ya ƙiyasta mutuwar kusan mutum 1 cikin 3,000, adadin da ya sa aka ɗauke shi a matsayin mafi haɗari cikin tiyatocin kwalliya. A 2018 ƙungiyar likitocin kwalliya ta Birtaniya ta shawarci mambobinta su daina yin sa, sai a 2022 ta sassauta, bisa sharaɗin a ɗura kitsen a ƙarƙashin fata kawai, ana kallon bututun ta na'urar sikanin. Mai garaɓasarki yana da na'urar? Kin tambaya?

Araha ba ta ado. Idan aka zaftare rabin kuɗin tiyata, daga wani wuri aka cire shi, kuma ba daga fentin ofis ko kuɗin talla ba. Daga likitan sa barci ake cirewa, a sa wanda ba fanninsa ba. Daga jinin ko-ta-kwana, da iskar numfashi, da ma'aikaciyar jinyar da za ta kwana a kanki, da man janareta in an ɗauke wuta ana tsakar aiki. Sannan a jera mata da yawa a yini guda domin a fanshe. Ke da ko tumatir za ki saya a Mile 12 sai kin ɗaga na saman kwando kin duba na ƙasa, yau hoto biyu a waya, na kafin aiki da na bayansa, sun ishe ki miƙa ranki?

Abin dubawa ba ɓoyayye ba ne. Kowane likita a ƙasar nan dole ya kasance da rajista da hukumar kula da likitoci ta MDCN, da lasisin da ake sabuntawa duk shekara. Wannan kaɗai bai mai da shi likitan gyaran fata ba. Sai ya yi shekaru yana horo, ya ci jarrabawar kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma ko kwalejin ƙwarewa ta ƙasa da ke Ijanikin. Ƙwararrun suna da ƙungiyarsu, NAPRAS, ki bincika ko yana ciki. Asibitin kuma, a jihar Legas hukumar HEFAMAA ce ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, ki ce a nuna miki takardar. Ki tambayi sunan mai sa ki barci. Ki tambaya in abu ya ɓaci, wane asibiti za a kai ki, kuma minti nawa ne a cunkoson Legas. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce "Hajiya, ba ki yarda da mu ba ne?" ɗauki jakarki.

Kada kuma ki ce to bari in tara da yawa in haye Turkiyya. A Oktoban 2005 Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ta rasu a Sifaniya bayan tiyatar kwalliya, daga baya kotu ta kama likitan da laifin sakaci. Kuɗi da fita waje ba su hana ba. Kuma doguwar tafiya a jirgi da sabon ɗinki tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa.

Mafi muni su ne masu allurar ƙarin mazaunai a ɗakin otal ko bayan shagon kitso. Ruwan silikon ko abin da ba a ma san sunansa ba suke ɗurawa. Yana yawo a jiki, ya daskare, ya ruɓar da nama, kuma cire shi duka ya gagari likitoci da dama.

Batun bikinki kuwa, ko aikin ya tafi lafiya, mako 2 ko fiye ba za ki zauna a kan mazaunanki ba, za ki sa rigar matsi makonni, kumburi kan ɗauki watanni, wani ɓangaren kitsen kuma jiki zai shanye shi. A tsaye za ki yi kamun?

Tambaya: Ina shafa man bilicin kuma ina ɗan shan shisha. Dole sai na faɗa wa likita? Kunya nake ji. Wata daga Idi-Araba.

Amsa: Wannan ma tambaya ce? Likita ba surukarki ba ce. Yawancin mayukan nan akwai sinadarin da ke sa fata ta yi siriri, ɗinki ya ƙi kamawa. Taba da shisha suna matse ƙananan jijiyoyi, fatar da aka ɗinke ta rasa jini ta mutu, shi ya sa ake cewa a bar su aƙalla mako 4 kafin aiki da bayansa. Ki kwashe komai ki kai masa: ƙwayar tazarar haihuwa, asfirin, maganin ƙiba, kayan mata, jiƙe-jiƙe. Ki faɗi in kina da hawan jini, ciwon suga ko sikila. In an ce kada ki ci komai awa 6 kafin aiki, har da shayi mai madara ake nufi.

Tambaya: Matata ta haifi ɗa da tsagaggen leɓe. Wasu 'yan'uwa sun ce gyarawa canja halittar Allah ne. Ni ɗan kabu-kabu ne, ba ni da ƙarfi. Baban jariri, Alaba Rago.

Amsa: Malam, Allah Ya raya, Ya sa mai albarka ne. Ni ba malama ba ce, ka je ga malaminka, amma ka tambaye shi labarin sahabi Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Malamai sun bambanta gyaran lahani da ƙarin ƙawa. Yaron nan yana buƙatar aikin domin shan nono da magana. Leɓe ana ɗinke shi tun yana wata 3 zuwa 6, in tsagewar ta shiga ganɗa kuma sai wajen shekara guda. Ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin irin wannan aiki kyauta a asibitocin da take hulɗa da su a Najeriya. Ka kai shi LUTH ko LASUTH cikin makon nan ka tambaya, su kuma nuna wa uwar yadda za ta shayar da shi ya yi nauyin da ake so.

Tambaya: Hujin kunnena ya yi tsiro kamar gyaɗa. Wanzami ya ce zai yanke. Wata daga Mushin.

Amsa: In ya yanke, zai dawo, kuma sau da yawa ya fi na da girma. Irin wannan tabo mai tsiro ya fi yawa a baƙar fata, ko likita ne ya cire sai ya bi shi da allurai da matsi na watanni. Je ki sashen gyaran fata na asibitin ƙashi na Igbobi, kusa da ku yake, kuma kada ki ƙara huda wani wuri.