Jiri da ciwon ɓarin kai, wai ƙwaƙwalwa ce ke canzawa?

Tambaya: Likita barka da aiki, ni dai in ciwon ɓarin kai ya taso min sai jiri ya kwashe ni ɗaki na juyawa, an ce ƙwaƙwalwata ce ke canzawa, gaskiya ne? Daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Hajiya kwantar da hankalinki. Eh binciken da aka yi da hoton ƙwaƙwalwa na MRI kan masu irin ciwon nan ya nuna ɗan bambanci a sassan ƙwaƙwalwa masu kula da daidaiton jiki da jin zafi, amma fa sai an kwatanta mutane da yawa ake ganinsa, naki hoton galibi lafiya lau zai fito. Jirin kan ɗauki minti 5 har awa 72, rashin barci da zama da yunwa na tayar da shi. Ki je asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a duba ki, har kunnen ma, don a tabbatar ba daga can jirin yake ba.